Rasuwar Yaya ta Biyu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Yayana ya koma ranar Laraba, tsakanin azahar da la'asar, ana saura kwanaki kaɗan a fara yankan gero. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙon biro ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sa wa takarda, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mani magana, kada ta sassauta inda na tsananta.

Abin da na gani a zaman makoki shi ya sa na ce a rubuta. Ranar farko mutane ba su zo yadda ya kamata ba. Ba don ba su son shi ba, don ba su yarda ba ne. Da aka buga waya Batsari aka shaida wa ɗan kawunmu, mahauci, wanda wasan taubasantaka ke tsakaninshi da Yaya tun suna ƙanana, dariya ya yi ta yi.

Ya ce, "Ku ce wa Marigayi ya bar mutuwa haka nan, ta ishe shi. Sau nawa mutum guda zai sa mu rufe rumfa?"

Aka miƙo mani wayar. Na ce, "Ni ce. Yaya ya rasu, an yi mashi wanka, ana jiran ku."

Ya daina dariya, domin duk danginmu an san ba na wasa. Can sai ya ce a hankali, "Wancan karon ma ai ke kika faɗa."

Na miƙa wayar ga mai ita.

Matan da suka zo daga Zakka sai da suka tsaya bakin zaure suna karanta fuskokinmu kafin su saki kuka. Wani tsohon ɗalibinshi da ke aikin asibiti a wajen Tsaskiya ya ƙi zama kan tabarma, ya ce a fara nuna mashi kabari. Da ya ga ƙasar ɗanya ce, sai ya durƙusa ya rufe fuska da hula. 'Yan Darini kuwa sai ranar sadakar uku suka iso, suna ba da haƙuri, wai sun ɗauka tsohon labarin ne ya sake zagayowa. Mutum ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da 'ya'yan mutane, ranar da ya tafi ana tambayar ko da gaske ne. Ni na jawo mashi wannan, kuma zan faɗi yadda aka yi. Amma bari in fara faɗin ko shi wane ne.

Lokacin da aka zo rubuta yara makaranta, mahaifinmu ya ba da shi, ni ya bar ni ga surfe da kiwon awaki. Ban taɓa riƙe wannan a rai ba. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu, aka ba ni ɗakin da ke kusurwar gabas, inda katanga ta zaizaye ta yi ƙasa. Daga nan ana hangen tagar ajin Yaya sosai, har allon bango. A wurin nake tsince wake, a wurin nake kaɗi. Shi ya sa ya raɗa mani suna Mai Gadi.

Ba ya shiga aji da ƙasar gona a ƙafa. Ko da ya fito daga huɗa ne sai ya wanke, ya sa riga mai aljihu, allinshi naɗe a tsumma a aljihun hagu. Da gyaɗa da karan dawa yake koyar da lissafi. Bulala tana nan rataye a bango har gara ta cinye ta, ban taɓa ganin ya sauko da ita ba, abin da ni ban yarda da shi ba kuma na faɗa mashi. Yakan ce, "Mai Gadi, yaro ba ya ƙin karatu, wani abu yake jin tsoro. Aikina in gano mene ne." Yakan kuma ce darasin da malami bai zauna ya shirya ba zalunci ne, domin yara ba su da bakin kai ƙara. Yana da wani babban littafi mai baƙin bango inda yake rubuta shirin kowane darasi tun kafin ranar, me zai fara da shi, me zai tambaya, da me zai rufe.

Idan ya lura yaro bai karya ba, ba ya tambayar shi a gaban 'yan'uwanshi. Sai ya ninke takarda ya ce, "Kai wa Gwaggo wannan saƙo, ka jira amsa." Duk garin an san ban iya karatu ba, amma babu yaron da ya taɓa tunanin abin. Takardar babu komai cikinta, fara ce fat. Ma'anarta in zuba wa mai saƙon ɗumame ko koko. Akwai magidanta a cikin masu zaman makokin nan da suka kawo mani irin wannan takarda, har yau ba su sani ba. To yanzu sun sani.

Sau uku ana matsar mashi da takarda. Ya fara aiki da shaidar malanta ta zamaninsu, wadda suke kira Giret Tu. Ana nan aka ce ba ta isa ba, sai En-Si-I. Ya tafi ya yi ta a lokutan hutu, yana da 'ya'ya huɗu. Sai kuma hanya ta lalace da mutanen daji masu satar mutane, iyaye suka daina barin yara, musamman mata, su taka zuwa ƙaramar sakandare ta cikin gari. Yaya da mai gari suka yi ta sintiri har aka yarda a buɗe azuzuwan sama a jikin firamarenmu. Amma aka ce daga ofis sai an samu mai digirin koyarwa da zai riƙe su, in ba haka ba wata rana za a kwashe su a mayar gari. An turo masu digiri har biyu. Na farko ya kwana uku. Na biyu bai sauka daga mashin ba, ya dubi dajin da ke yamma da mu ya ce a juya da shi.

Yaya ya ce shi zai yi. Furfura ta riga ta cinye gemunshi.

Duk dogon hutu, lokacin da ake tsakiyar noma, sai ya bar gona ga 'ya'yanshi ya tafi jami'a. In ya dawo yakan zauna jikin katangar nan ya ba ni labari, ko na tambaya ko ban tambaya ba. An koya masu yadda hankalin yaro ke girma, da dabarun koyar da ƙanana da na koyar da waɗanda suka fara tasawa, da yadda ake shirya jarrabawa ta adalci. Ya rubuta wani kundi mai kauri a kan dalilin da ke sa yara ɗaukewa daga makaranta da zarar ruwa ya sauka. Duk ya ci. Abu ɗaya ya rage, gwajin koyarwa. Dole jami'a ta aiko malami ya zo har ajin mutum, ya zauna a baya, ya kalle shi yana koyar da yara tun daga farkon darasi har ƙarshe, sannan ya sa hannu da jan biro a littafin shirin darasi. Zuwa biyu, sa hannu biyu. In babu su babu digiri, ko da mutum ya haddace jami'ar gaba ɗaya.

A kan wannan muka yi faɗa na farko. Na ce, "Yaya, ba ka jin kunya? Shekara talatin kana abu, yanzu za a aiko wanda ka isa haifa ya duba ko ka iya?"

Ya ce, "Liman ma in ya yi tuntuɓe a karatu, daga sahun baya ake gyara mashi. Ni tun da na fara babu wanda ya taɓa zama bayan ajina ya ce mani ga inda ka karkace. Ke kaɗai ce, ke kuma ba ki san abin da nake faɗa ba."

Na ce, "Na san lokacin da yara ke hamma."

Ya yi dariya ya ce to wannan ma rabin aikin ne.

Abokan karatunshi da ke ƙauyuka irin namu dabara suka yi. Kowa ya je cikin gari ya ari aji na yini guda a makarantar wani, aka duba shi a can aka sa mashi hannu. Suka ba shi shawara ya yi haka. Ya ƙi. Ya ce yaran aro ba za su nuna ko shi wane ne ba, da yaranshi za a gan shi, a ajinshi mai yoyo. Ya rubuta sunan ƙauyenmu a takarda ya dawo yana jira.

Wanda ba ɗan yankinmu ba ne sai an yi mashi bayanin wani abu. A shekarun nan, in baƙo ya shigo gari yana tambayar mutum da suna, babu wanda ya san mutumin. Ko uwarshi ka tambaya ba ta san shi ba. Haka muka koya, domin mutanen daji ba su zuwa sai sun aiko mai leƙa masu, kuma mai albashi suka fi nema.

Ranar wata Litinin da hantsi, ina dawowa daga rijiya, mashin ya tsaya gabana a bakin gari. Wanda aka goyo ya naɗe fuska da ƙyalle, ga baƙin tabarau, ga jaka a ƙirji. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya kira sunan Yaya cikakke, har da na mahaifinmu da na kakanmu, yadda babu mai kiran shi a garin nan. Ya ce malamin makaranta ne, ina zai same shi.

Na dube shi, na dubi ɗan acaɓan, shi ma ban san shi ba. Na ce, "Ya rasu."

Ya yi salati. Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Sati biyu ke nan."

Ya ce Allah Ya jiƙan shi. Ya buɗe jaka ya fito da takarda, ya ɗora a cinya ya yi rubutu. Na ga biron. Ja ne. Da idona na gan shi, amma tsoro ya rufe mani kai, ban tuna komai ba.

Na ajiye tulu a nan, na bi ta bayan gidaje na faɗa makaranta. An dawo daga hutun ƙarfe tara ke nan, Yaya ya rubuta kwanan wata a allo bai ko buɗe baki ba. Na ce wa yara kowa ya bi ta lungu ya tafi gida, kada wanda ya tsaya. Na kama hannun rigarshi na ja shi har ɗakina, na rufe ƙyaure, na zauna a bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Yana ta cewa, "Mai Gadi, wa kika gani? Yaya kamanninshi?" Na ce ya yi mani shiru. Bai fito ba sai da aka kira la'asar. A ranar har mutane suka yi ta yaba mani.

Bayan sati uku, mutum uku daga cikin abokan karatunshi suka iso da goro da wasiƙar ta'aziyya, ɗaliban ajinsu duk sun sa hannu. Suka tarar da shi zaune gindin itacen bedi yana duba littattafan yara. Ɗaya ya zubar da goron ya juya a guje, takalminshi guda ya bari a nan. Sauran biyun suka ƙame suna karanto duk addu'ar da ta zo bakinsu. Yaya ya karɓi wasiƙar, ya sa tabarau, ya karanta ta'aziyyar kanshi daga farko har ƙarshe. Ya ce sun yabe shi fiye da kima, amma rubutun ya yi kyau.

Da yamma ya zo jikin katanga. Na riga na san abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Mutumin nan na ranar Litinin, da wane irin biro ya yi rubutu?"

Na ce, "Ja."

Ya juya ya dubi tagar ajinshi. Na ce, "Ko gobe ya dawo da fuska a naɗe, abin da zan faɗa mashi ke nan. Gara a ce ka mutu da a kai ka daji."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan yi fushi ba. Kin kashe ni a takarda don ki raya ni a gida. Amma ki sani, Mai Gadi, su can takardar suka sani, ba su san gida ba."

Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Ya tafi jami'a don a gyara maganar. Ma'aikacin da ya tarar ya dubi na'ura, ya dube shi, ya ce, "Baba, mai wannan lambar ai ya rasu." Ya ce, "Ni ne." Aka ce ya kawo shaida. Ya karɓo takarda daga mai gari, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa yana da rai. Da ya dawo yana ba da labari yana dariya, wai magatakarda ya tambaye shi ko yana da wanda zai tsaya mashi a kan maganar. Kafin a mayar da sunanshi cikin masu rai, lokacin gwajin koyarwa na shekarar ya wuce. Aka ce ya jira na baɗi. Baɗi ta zo hanya ta ƙara lalacewa, aka ce ba a tura kowa yankinmu sai abin ya lafa.

A nan ne ya sa kafinta ya yi mashi kujera mai majingini. Ya kai ta bayan aji, jikin bango, ya ce ta mai jan biro ce. Kullum da safe sai ya share ta da tsumman allinshi. Kowane darasi yana shirya shi kamar yau ne za a zo. Ina hangen shi daga katanga, in ya gama bayani sai ya ɗaga kai ya dubi kujerar, ya ɗan jira, sannan ya ci gaba. Yara sun fi benci yawa, wasu a ƙasa suke zama, amma babu wanda ya taɓa hawa kujerar nan. Ba shi ya hana ba. Waɗanda ke layin baya har matsawa suke yi su bar fili kewaye da ita.

Ɗan kawunmu mahauci shi ya fara kiran shi Marigayi. In ya gan shi a kasuwa sai ya ɗaga murya, "Marigayi, yaya mutanen can? Ana cin tsire kuwa?" Yaya ya ce, "Ana ci, amma ba naka ba, can ba a karɓar na jaki." Kasuwa ta ɗauki dariya. Sunan ya bi shi. Manya suka kama, har yara a bayan idonshi. Yana amsawa.

Ni ban yi dariyar ba, domin ina kallo. Ba zan ce ga abin da ya faru ba, abin da na gani kawai zan faɗa. Tafiyarshi ta daina ƙara. Da can tun daga zaure nake gane takunshi, amma a shekarar ƙarshe sai dai in juya in gan shi tsaye kusa da ni. Kaji suka daina kaucewa in ya taho, shi ke zagaye su. An yi rabon goron ɗaurin aure a ƙofar mai gari, mai rabo ya ba na damanshi ya ba na hagunshi ya wuce, da aka yi magana ya rantse bai ga kowa a wurin ba. Matarshi ta ce mani sau biyu tana zuba tuwo tana manta kwanonshi, ta zauna tana kuka ba ta san dalili ba. Na ce ta yi istigfari ta rufe bakinta. Ni ma na rufe nawa.

Ranar Larabar, an tashi yara, ina tsince wake. Na gan shi ya goge allo, ya rubuta kwanan watan gobe da kan darasin gobe, yadda ya saba. Sai ya taka zuwa bayan aji. Ya tsaya gaban kujerar, ya share ta, ya zauna. Ban taɓa ganin ya zauna a kanta ba. Ya ɗora littafin nan mai baƙin bango a cinya yana kallon allo, kamar akwai wanda ke koyarwa yana saurare. Na ce a raina gajiya ce. Aka kira la'asar bai motsa ba. Yaya bai taɓa bari a tayar da salla yana zaune ba. Na ajiye faifai na tsallake katangar da ban taɓa tsallakewa ba.

Ranar sadakar bakwai da hantsi, ina dawowa daga rijiya, mashin ya tsaya gabana a daidai wurin nan. Wannan karon ya sauka, ya kwance ƙyallen fuska, ya cire tabarau, ya gaishe ni har da rusunawa. Mutum ne da bai wuce arba'in da 'yan kai ba. Ya kira sunan Yaya.

Na ce, "Ya rasu."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Inna, na gane ki. Na ji duk yadda aka yi, kuma ban ga laifinki ba, laifina ne da na zo kamar ɓarawo. Ni na roƙa a bar ni in dawo. Don Allah ki kai ni wurinshi."

Na ce, "Ya rasu, ɗan nan."

Ya ce, "Inna, ga katin aikina."

Na ce ya biyo ni. Na kai shi har bakin maƙabarta na tsaya daga waje, na nuna mashi da hannu. Ya daɗe a can. Da ya fito idonshi ya yi ja, ya ce ko zai iya ganin ajin.

Babu wanda ya taɓa komai a ajin. Rubutun Yaya na nan a allo. Ɗiyata ta ɗauko littafin ta biyo mu. Mutumin ya dubi kujerar, na ce mashi ta mai jan biro ce, shekara biyu tana jiran shi. Ya zauna. Yana buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya, kowane shafi da gurbin sa hannu a ƙasa, duk fari. Sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Inna, ai na taɓa jin shi. Ranar nan, bayan mun rabu da ke, tayar mashin ɗinmu ta sace, muka tsaya wurin mai faci kusan awa guda. Da za mu fita muka bi ta bayan makarantar nan. Na ji murya ta wannan tagar, dattijo yana koyar da yadda ƙwayar wake ke tsiro. Na sa aka tsaya. Ban leƙa ba don kada in raba hankalin yara, na jingina da bango na saurara har ya gama. Yana cewa kada su tone ƙwayar don su ga ko ta fara, su ba ta ruwa su jira. Na ce a raina wanda ya maye gurbin mamacin nan malami ne na gaske. Ashe shi ne." Ya zaro jan biro. "Wannan zuwa ɗaya ne. Zan sa hannu a kan ranar, in kai masu, in roƙa a duba lamarinshi ko bayan rai ne."

Ya nemo shafin ranar. Ɗiyata ta leƙa ta karanta mani. Darasin wake ne, har da maganar tonon ƙwaya, a rubuce cikin shirin.

Abin da ake nema daga gare ni a lokacin shiru ne kawai. Ƙarya ɗaya na yi ta raba shi da sa hannun nan, yanzu shiru ɗaya zai mayar mashi da shi. Bakin biron ya kusa taɓa takarda. Sai na tuna mutumin da ya ƙi aron aji na yini guda.

Na ce, "Dakata. Ranar nan babu kowa a ajin nan. Ni na kori yara, ni na ja shi na kulle a ɗakina tun kafin ya buɗe baki. Lokacin da kake wurin mai faci ina zaune bakin ƙofar ɗakin da taɓarya. Bai fito ba sai la'asar."

Ya ce, "Inna, na ji shi da kunnena. Har amsar yara na ji."

Na ce wa ɗiyata ta karanta abin da ke can ƙasan shafin, domin na hangi wani ɗan rubutu a karkace. Ta karanta. Da hannun Yaya aka rubuta: ba a koyar ba.

Ana jin kukan kurciya daga kan bedi. Mutumin ya juya ya dubi tagar, ya dubi allo, ya ce, "To wa na ji?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila kai ka ruɗe da lokaci, wataƙila ni. Amma ba za ka sa mashi hannu a kan darasin da shi da kanshi ya ce bai koyar ba. Ba zai karɓa ba."

Ya janye biron daga kan shafin. Ya ce dokar aikinshi ita ce ya gani da ido, shi kuwa ko a yadda ya faɗa, ji ya yi bai gani ba. Ya bar gurbin sa hannun yadda yake. A gefen shafin ya rubuta abin da ya ji a ranar, kalma bayan kalma, ya sa sunanshi. Sai ya tambaya, kamar da kanshi yake magana, ko akwai wanda ya taɓa zama ya kalli darasin bawan Allahn nan daga farko har ƙarshe.

Na ce, "Ni. Shekara ashirin da biyu, daga katangar can. Ban san abin da yake faɗa ba, amma na san ranar da yara suka gane da ranar da ba su gane ba, kuma in ba su gane ba washegari sai ya sake ta wata hanya. Sau ɗaya na ga ya shiga aji bai shirya ba, ranar da aka binne mahaifiyarmu, kuma ya ba yaran haƙuri."

Ya ce, "Jami'a ba za ta karɓi wannan ba, Inna."

Na ce, "Ban ce ka kai mata ba."

Ya kama babban yatsana, ya goga mashi jan biron har ya rine, ya buɗe shafin ƙarshe, na darasin ranar Alhamis da Yaya bai kai ba. Na dangwala a gurbin da ya shekara biyu yana jira. Shi ne rubutu na farko da na taɓa yi a takardar boko.

Digiri bai fito ba, kuma ba zai fito ba. Takardar kwashe azuzuwan sama ba ta iso ba tukuna, yara mata na nan suna zuwa, wani malami na riƙe da su kafin a ga abin da Allah zai yi. Littafin yana kan kujerar, na hana a ɗauke. Ina nan jikin katanga yadda na saba. Wani lokaci bayan an tashi yara, rana tsaka, nakan ji kamar an ja kujera a bayan ajin. Ba na leƙawa. Sallama nake yi in ci gaba da tsintar wakena.

Ku da kuka yi jinkirin zuwa, babu laifi a kanku, a kaina yake. Wannan karon gaskiya na faɗa. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinshi, Ya sa tambayar can ta zo mashi da sauƙi, domin a can ba a aiko wanda za a tare a bakin gari. Ni kuma Ya yafe mani maganar da na yi ranar Litinin.